Mamman Shata da Taskar da ke Cikin Kaset

A Faransa, mawaƙin opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa, sai ya yi shekaru yana horar da murya a makaranta kafin ya hau dandamali. Tun 1669, zamanin Sarki Luwi na 14, aka kafa gidan opera na Faris, makarantar kiɗa da waƙa ta birnin kuwa a 1795. Komai nasu a rubuce yake, har hawa da saukar murya. Shi ya sa ko mawaƙi ya kwanta dama, wani zai ɗauki takarda ya rera.

Alhaji Mamman Shata bai bi wannan hanya ba. An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923, a gidan Fulani da ba su gaji roƙo ba, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba. Da tallan goro da alewa ya fara, daga nan ya zama gwanin dandali. Makaɗa su saki kalangu, 'yan amshi su karɓa, shi kuma ya ƙera baiti nan take, gwargwadon taron da ke gabansa. Saboda haka Bakandamiyarsa ta yau ba ita ce ta jiya ba.

Ya wasa sarakuna irin su Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa attajirai da direbobi waƙa, ya ƙarfafa sojoji a yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970. Rediyon Kaduna da kaset suka ƙetare iyaka da muryarsa har Garwa da Guider a arewacin Kamaru. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirin digirgir a kan waƙoƙinsa a Amurka a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a Daura.

Abin damuwa shi ne, duk waƙar da ba a naɗa ba ta tafi tare da mai ita, kaset kuwa zafi da ƙura na cin sa. Duk mai tsohon kaset na Shata, ko na mawaƙanmu na arewacin Kamaru, ya daure ya kai a juye shi a kwamfuta tun bai lalace ba.