Yadda Rage Farashi Ke Farfaɗo da Kasuwar Na'urorin Wasa

A watan Nuwamba na shekarar 2006, kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da na'urar wasan bidiyo mai suna PlayStation 3. A Amurka an sa mata dala 499 da kuma dala 599. Masu saye suka ja da baya, ga shi kuma kamfanin asara yake tafkawa a kan kowace na'ura. A 2009 sai ya ƙero siririn samfuri a kan dala 299, nan da nan kasuwa ta buɗe.

Asirin wannan rahusa yana cikin ƙwaƙwalwar na'urar. Daga faifan silikon ake yanko ta, kamar yadda tela ke fitar da huluna daga yadi: in hular ƙarama ce, yadi ɗaya zai ba da masu yawa. Injiniyoyi sun rage ma'aunin sassanta daga nanomita 90 zuwa 45. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ba ta shan wuta sosai, ba ta kuma ɗaukar zafi, saboda haka fanka da akwati su ma suka ƙanƙance.

To, me ya sa kamfani ke jure asara tun farko? Dalili shi ne yana da kaso a kowane wasan da aka sayar, yawan masu na'ura kuwa shi ne yawan masu sayen wasa. Wannan lissafi ne ya sa Nintendo ya rage farashin 3DS daga kusan dala 250 zuwa 170 a shekarar 2011, watanni kaɗan bayan fitowarta.

Sai dai ƙanƙantar da ƙwaƙwalwa ya ƙara wuya da tsada. A 2022 Sony ƙarin kuɗi ya yi wa PlayStation 5 a ƙasashe da dama, abin da masu saye ba su saba gani ba.