Baba ta Karo

An haifi Baba a wajajen 1877 a Karo, wata unguwa kusa da Zarewa a iyakar Kano da Zazzau. Zuri'arsu Barebari ne, manoma masu rinji, wato ƙauyen bayi. Da zuwan Turawa, yawancin bayinsu suka kama gabansu, noman gandu ya ja baya.

Ta yi aure huɗu, na fari auren zumunci. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi, ta kuma yi ungozoma. A Giwa ta ba wata mai suna Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, ba ta ɓoye zancen kishiyoyi ko bori ba. Ta rasu a 1951, littafin da Mary Smith ta rubuta kan labarin nata ya fito a 1954.