Sarrafa kwamfuta da murya: me ke hana na'ura jin Hausar mai raunin gani?

Mai raunin gani ba makaho ba ne. Yana ganin haske da manyan siffofi, amma ƙananan haruffan allon kwamfuta ko na salula kan gagare shi, sau da yawa saboda yanar ido ko hawan jinin ido. A rahotonta na 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ke da wata matsala ta gani. Ga wasu daga cikin irin waɗannan mutane, murya ce hanya mafi sauƙi ta aiki da na'ura.

Aikin murya kashi biyu ne. Na farko shi ne na'ura ta karanta wa mutum abin da ke kan allo, kamar yadda JAWS ke yi tun 1995, da NVDA, wadda aka fara rabawa kyauta a 2006, da VoiceOver da TalkBack na wayoyin hannu. Na biyu shi ne na'ura ta saurari mutum ta bi umarninsa, kamar Dragon NaturallySpeaking na 1997 da Voice Access. Da yawa daga cikin manhajojin sauraron an tsara su ne domin waɗanda ba sa iya motsa hannu, shi ya sa sukan dasa lambobi a kan allo, mutum ya duba ya kira lambar da yake so. Wanda idonsa bai kai ga lambar ba, dole na'urar ta ji shi kuma ta ba shi amsa da baki. Ke nan yana bukatar kashin biyu a haɗe, kuma cikin harshen da yake ji. A Nijar, inda masu jin Hausa suka fi masu jin Faransanci yawa nesa ba kusa ba, nan ne gizo ke saƙar.

Matsala ta farko tana cikin rubutun boko, wanda ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Kalmar "fara" tana iya nufin launi, ko ƙwaron da ke cin amfanin gona, ko soma aiki. "Gari" na mazauni da "gari" na tuwo tsawon wasalin farko kaɗai ya raba su. A "ya tafi" kuwa, kari da tsawon "ya" ne ke nuna ko an riga an tafi ko umarni ake bayarwa. Mai karatu da ido yakan warware wannan daga ma'anar jimla, har ya koma baya in ya ruɗe. Mai dogaro da kunne, abin da na'ura ta furta shi ne abin da ya samu. Haka nan idan marubuci ya yar da ƙugiya, "ƙafa" ta zama "kafa", "baƙi" ya zama "baki". Ga kuma bambancin ƙa'ida: dokar rubutu ta Nijar ta 1999 ta ɗauki harafin ƴ, Nijeriya kuwa tana rubuta 'y, kuma na'ura ba ta san abu ɗaya ne ba sai an koya mata.

Matsala ta biyu ta karin harshe ce. Na'ura tana koyon ji ne daga muryoyin da aka naɗa, kuma akasarin Hausar da ke rubuce daidaitacciya ce, mai tushe a Kananci. Mutumin Tawa da ke cewa "shina zuwa" a madadin "yana zuwa", ko "hwari" a madadin "fari", yana iya zama baƙo a kunnenta. Ƙari a kan haka, ɗan Maraɗi ko Damagaram yakan faɗi lambar waya da Faransanci a tsakiyar jimlar Hausa, yayin da ɗan Kano ke faɗa da Turanci. Lissafin kuɗi ma da dala ake yin sa: abin da aka rubuta 500 F, "dala ɗari" ake kiran sa. Na'urar da ta karanta wa tsoho "ɗari biyar" a saƙon tura kuɗi, ta ninka masa adadin sau biyar.

An dai soma aiki. Shirin Common Voice na Mozilla, wanda aka buɗe a 2017, yana karɓar muryoyin sa kai da Hausa, kuma Whisper na 2022 ya sa Hausa cikin harsunansa. Sauran aikin na masu nazarin harshe ne: naɗar muryoyin maza da mata, tsofaffi da matasa, daga Tawa, Doci, Maraɗi da Damagaram, sanya wa matani alamun kari da tsawon wasali, da tattara kalmomin umarni kamar "buɗe", "rufe", "goge", "maimaita". Kafin a amince da kowace kalma, wajibi ne a gwada ta da masu raunin ganin kansu, domin su ne za su furta ta sau ɗari a yini.