Abincin Mai Shirin Leƙen Babban Hanji da Matsalar Fassara Umarnin Asibiti

1.0 Gabatarwa

A garuruwa irin su Gwiwa da Roni da ƙauyukan da ke kewaye da Kazaure da Ɓaɓura, malamin makaranta ba a aji kaɗai aikinsa ya tsaya ba. Shi ake kai wa takardar kotu da ta banki da ta asibiti domin ya karanta, ya kuma faɗi abin da ta ƙunsa da Hausa. Wannan darasi zai ɗauki ɗaya daga cikin irin waɗannan takardu, wato wadda ake bai wa majiyyacin da za a yi wa leƙen babban hanji, a dubi abin da take nufi game da ci da sha. An zaɓe ta ne saboda kuskure kaɗan a wajen fassara ta yana iya jawo a soke aikin baki ɗaya, bayan an kashe kuɗin mota da na magani.

2.0 Ma'anar Leƙen Babban Hanji

Leƙen babban hanji, wanda likitoci ke kira kolonoskofi, bincike ne da ake yi da wani siririn bututu mai lanƙwasuwa, wanda kaurinsa bai wuce na yatsa ba, mai ɗauke da fitila da ƙaramar kyamara a bakinsa. Ana zura shi ta dubura, a bi da shi cikin babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita ɗaya da rabi, likita yana kallon bangon hanjin a allo. Likitoci biyu, William Wolff da Hiromi Shinya, su ne suka yi fice wajen kafa wannan aiki a birnin New York na Amurka a 1969, suka kuma nuna cewa ana iya cire tsiron da aka gani a hanji ta cikin bututun ba tare da an tsaga ciki ba.

Akan tura mutum wannan bincike idan yana ganin jini a bayan gida, ko gudawa ta ƙi tsayawa, ko jininsa yana ƙarewa, ko yana ramewa ba a san dalili ba. Da yawa daga cikin waɗannan alamu Bahaushe yakan tattara su ya kira su basir, alhali kuwa wani lokaci tsiro ne, wanda idan aka bar shi shekaru yana iya rikiɗewa ya zama sankara. Shi ya sa a wasu ƙasashe ake yi wa masu lafiya ma. A Amurka an sauko da shekarun fara shi daga 50 zuwa 45 a 2021. A wannan yanki namu, manyan asibitoci ne ke yin sa, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Kano.

3.0 Dalilin Ƙa'idar Abinci

Kyamara ba ta gani ta cikin ƙazanta. Tsiron da ake nema wani lokaci bai fi ƙwayar gero ko ta dawa girma ba, wani kuma a shafe yake da bangon hanji. Idan ragowar abinci ta rufe shi, likita zai wuce bai gan shi ba, majiyyaci ya koma gida da zaton lafiyarsa lau.

Abin da ke daɗewa a hanji shi ne ɓangaren abincin da jiki ba ya iya narkarwa: dusar hatsi, da ɓawon wake, da jijiyoyin ganye, da ƙananan 'ya'yan da ke cikin tumatir ko gwaiba ko kuɓewa. Wannan shi masana abinci ke kira harza. A sauran ranaku harza abin so ce, domin tana hana taurin bayan gida. A 'yan kwanakin shiri ne kawai ake guje mata. Tunda abin da aka ci yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya gama fita, shirin yakan fara ne tun kwanaki kafin ranar aiki.

4.0 Inda Fassara Ke Tuntuɓe

Yawancin takardun umarni da Ingilishi ake rubuta su, kuma misalan abincin da ke cikinsu sau da yawa na wasu ƙasashe ne. Za a ga sunan burodin alkama mai dusa da wasu 'ya'yan itatuwa da ba a taɓa gani a kasuwar Gwiwa ba, amma ba za a ga tuwon dawa ko miyar kuka ba. Mai fassarar da ya bi kalma da kalma zai karanta jerin, ya ce wa majiyyaci babu abincinsa a ciki, don haka ya ci abin da ya saba. A nan ne ake bukatar fassara ta ma'ana: a fahimci dalilin hanin, sannan a nemo abin da ya yi daidai da shi a tukunyar Bahaushe.

Akwai kalmomi uku da suka fi yaudara. Ta farko ita ce "abinci marar nauyi". A wurin Bahaushe, kwaɗon zogale ko na rama, da faten tsaki mai ganye, da kankana, duk marasa nauyi ne, tunda ba sa cika ciki kamar tuwo. A wurin likita kuwa su ne kan gaba cikin abin da aka hana. Gara mai fassara ya ce "abincin da ba ya barin tuƙa a hanji", ya kuma kawo misalai.

4.1 Kwanakin Rage Harza

Wasu asibitoci sukan ce kwana uku, wasu biyu, wasu ɗaya. Abin da takardar majiyyaci ta ce shi za a bi. A waɗannan kwanaki za a ajiye tuwon dawa da na gero da na masara, haka ma dambu da burabusko da fura. Surfe yana rage dusa, amma ba ya raba hatsi da ita gaba ɗaya. Za a ajiye wake da duk abin da ake yi da shi: ƙosai da alala da ɗanwake. Haka gyaɗa da ƙuliƙuli da riɗi da aya da dabino. Miyar kuka da ta kuɓewa da ta yakuwa da taushe duk sun shiga hani, domin kuwa kuka ganye ce da aka daka, laushinta a baki bai canja abin da take bari a hanji ba. Tsire da kilishi ma a bar su, saboda taurin nama da kuma ƙuliƙulin da ke jikinsu. Dattijon da bai saba wuni ba goro zai ji jiki, amma goro ma ya haƙura da shi.

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Akwai farar shinkafa da tuwonta, da taliya, da farin burodi, da dankalin turawa da aka fere aka dafa, da dafaffen ƙwai, da kifi, da naman kaza mai laushi da aka cire wa fata. Koko na gasarar da aka tace sosai yana shiga a wannan mataki. Miya ce matsala, tunda tuwon shinkafa ba ya tafiya gaya. Abin da ya fi sauƙi shi ne romon kaza ko na kifi da aka tace daga albasa da attaruhu da 'ya'yan tumatir.

4.2 Ranar Ruwa

Kalma ta biyu mai yaudara ita ce "ruwa-ruwa". A jajibirin aiki, asibitoci da yawa sukan hana abinci mai ƙarfi, ko dai tun safe ko bayan ɗan karin kumallo, su ce a sha ruwa garai kaɗai. Idan aka fassara wannan da "abu mai ruwa-ruwa", Bahaushe zai sha kunun zaƙi da kunun gyaɗa da koko da nono, ya ga bai saɓa umarni ba, tunda bai tauna komai ba. A Hausa ai "shan" fura ake yi, ba "ci" ba. Ma'aunin da likita ke nufi daban ne: a zuba abin a kofin gilashi, in ana iya hango rubutun jarida ta cikinsa ya halatta, in ba a iyawa bai halatta ba.

Da wannan ma'auni, abin da ya tsira shi ne ruwan sha, da shayi ba madara, da romo tatacce wanda aka kwashe kitsen samansa, da ruwan gishiri da sukari irin na masu gudawa, da lemon kwalba marar launi. Zoɓo yana iya cin jarrabawar gilashi idan an tsinka shi, amma duk da haka an hana shi, shi da duk wani abin sha ja ko shunayya, saboda launinsa yana kama da jini a cikin hanji, sai ya rikita mai dubawa.

4.3 Ba Azumi Ba Ne

Kalma ta uku ita ce "azumi". A bakin Musulmi, azumi kamewa ne daga ci da sha gaba ɗaya. Idan aka ce wa majiyyaci ya yi azumi kafin aiki, zai bar har ruwa, alhali a wannan rana ce jikinsa ya fi bukatar ruwa, domin maganin wankin hanji yana fitar da ruwa mai yawa. A watannin bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke tsananta a arewacin Jigawa, wannan yana iya kai tsoho ga jiri da faɗuwa. Saboda haka a guji kalmar. A ce an hana abinci, an kuma umarta a sha ruwa da yawa. Shan ruwan yakan tsaya ne awa biyu kafin aiki, ko kuma lokacin da asibiti ya yanke. Wanda ranarsa ta faɗo cikin Ramadan ya faɗa wa likita tun wuri, a duba ko za a iya ɗagawa ko kuwa larura ce ta gaggawa.

5.0 Maganin Wankin Hanji da Sauran Magunguna

Abinci rabin shiri ne, ɗaya rabin kuwa maganin wanki. Mafi shahara a duniya wani gari ne da ake jiƙawa a ruwa, wanda aka fito da shi a Amurka a 1980. Wani nau'in lita huɗu ake sha, wani lita biyu, kofi-kofi kowane minti goma zuwa sha biyar. A yau an fi son a raba shi biyu, rabi da daren jajibiri, rabi da safiyar aiki, domin hakan ya fi wanke hanji. Ba shi da daɗin sha, amma sanyaya shi yana taimakawa. Kada a ƙara masa filasko ko kanwa ko wani jiƙo da nufin taimako.

Mai shan ƙwayoyin ƙarin jini yakan dakatar da su kimanin mako guda kafin aiki, saboda suna baƙanta bayan gida su sa ya manne. Mai ciwon sukari, da mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai shan maganin tsinka jini, dole likita ya san da su tun ranar da aka sa lokaci. Wannan ba hurumin malami ba ne. Nasa shi ne ya tuna wa majiyyaci ya ɗauki kwalayen magungunansa ya kai.

Ga mutumin Gwiwa akwai ƙarin lissafi. Wanda ya sha rabin maganin da asuba ba zai iya zama a motar haya ta bi da shi Kazaure da Ɗambatta har Kano ba. Ya fi dacewa ya kwana a Kano tun jajibiri, a masauki mai banɗaki kusa, tare da ɗan rakiya, tunda allurar kwantar da jiki da akan yi lokacin aikin ba ta barin mutum ya tuƙa mota ko babur a ranar.

6.0 Kunya da Alamar Kammala Shiri

Hausa harshe ne mai sakaya zancen bayan gida. Mukan ce mutum ya "zagaya" ko ya "kewaya", kuma ɗa ba ya tambayar mahaifinsa yadda abin ya fito. To amma alamar da ke nuna shiri ya yi kyau tana cikin wannan zancen ne: abin da ke fita a ƙarshe ya zama ruwa garai, mai ɗan launin rawaya kamar fitsari, ba gudaji ba laka. Dattijo zai ce "ciki ya wanku" don kawai ya zagaya sau biyar. Idan mai fassara yaro ne a wurin majiyyaci, ko namiji ne ita kuma mace, sai ya rubuta wannan alama da Hausa a takarda, ko ya faɗa wa sa'an majiyyacin ko matarsa ko 'yar'uwarta su isar. Idan kuma safiya ta yi abin bai yi garai ba, a sanar da ma'aikaciyar jinya da zarar an isa asibiti, kafin a shiga ɗakin aiki.