Akawu, Kada Kwamfuta Ta Ari Bakinka

Da can idan akawu ya zauna gaban tafireta, abin da ya buga shi ke fita, ba ragi ba ƙari. Yau kuwa kwamfuta ta koyi shisshigi. Kafin ka gama kalma ta miƙo maka ƙarshenta da toka-tokan haruffa, da ka danna maɓallin Tab sai ta shige cikin takardarka.

Asalin abin lissafi ne. An tara mata rubuce-rubuce masu yawan gaske, galibinsu na Turanci, tana duba kalmar da ta saba bin wata. Kamfanin Google ya sa wannan dabara a Gmail a 2018, Microsoft kuma ya sa a Word a 2021. Ga mai rubuta Turanci akwai sauƙi a ciki. Amma Hausa baƙuwa ce gare ta.

Mu ɗauki akawun ofis a Hunkuyi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kudan, ko malamin da ke shirya sakamakon jarrabawa a Makarfi ko Ikara. Yana nufin Kudan, tana iya miƙo masa Sudan. Kun kuwa san lanƙwasa ɗaya ta raba Kudan da ƙudan zuma. Idan sunan yaro ya ɓaci a takardar shaida, ubansa zai sha zirga-zirga kafin a gyara, kuma wanda ya sa hannu shi za a tuhuma.

To, maganin ba wuya. A Windows 11 a shiga Settings, sai Time & language, sai Typing, a kashe layin da ke maganar text suggestions. A Windows 10 ta Devices ake bi. A Word a buɗe File, Options, Advanced, a cire alamar da ke kan text predictions. A Gmail a nemi Smart Compose cikin Settings a kashe. Gyaran da Word ke yi da kansa, watau AutoCorrect, dabam yake, yana ƙarƙashin Proofing, a leƙa shi ma.

Shawararmu ga akawuna da malamai ita ce a kashe shi duk lokacin da ake rubutun Hausa ko jerin sunayen mutane da garuruwa. Bayan haka a karanta takarda tun daga sama har ƙasa kafin a sa hannu, gama rigakafi ya fi magani.