Yadda Danshin Damina Ya Kusa Kashe Auren Yayana

Na san kun saba ganina da labaran soyayya, to yau kam sai haƙuri, gareji zan kai ku. Kada wata ta taɓe baki ta ce me ya haɗa 'ya mace da injin mota. Ku dai biyo ni, don wallahi wani ɗan murfin roba da bai fi kofin shayi girma ba ya kusa raba auren Yayana.

Bayan rasuwar mahaifinmu aka sayar da gonar gado, Yaya ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura mai shan fetur. Shi ba ɗan mota ba ne tun asali, ɗinki ya koya, daga baya ya iya tuƙi. Da ita yake ɗauko buhunan hatsi daga kasuwar Dawanau yana kai wa masu shaguna a cikin gari, da ita muke ci muke sha. Da kaka ya saye ta, kuma duk tsawon hunturu da bazara ba ta taɓa ba shi kunya ba, murɗawa ɗaya ta tashi.

A watan Yuni aka ɗaura masa aure, amarya ta tare. Ko sati biyu ba a yi ba sai mota ta fara halinta. Da asuba Yaya zai yi ta murɗa makulli, injin ya yi ta gurnani amma ya ƙi kamawa, har batir ya mutu. Abin mamaki, da rana ta take sai a tura ta kaɗan ta tashi garau kamar ba ita ba. Kafin nan kuwa masu kaya sun ɗauki wata motar. Wani bakanike ya ce batir ne, aka saya. Wani ya ce kabireta ce, aka wanke. Kuɗi suna tafiya, ciwo yana nan.

Ranar nan Goggo ta zo gidan, ta zauna a tsakar gida ta ce da Inna, "Yo ke ba ki da ido ne? Mota lafiya ƙalau, daga shigowar yarinya sai tsiya? Farar ƙafa ce da ita, ni na faɗa." Anti tana kicin, kuma ta ji. Yarinya 'yar shekara 19, daga ranar ta daina fitowa hira, kullum idonta a kumbure. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Yaya bai ce komai ba. Sai ya koma cin abinci a waje, in ya dawo ya juya mata baya. Ku da kuke karanta littattafanmu kun san inda irin wannan shirun yake ƙarewa.

Ni kuwa da daddare nake rubutu, don haka duk ruwan da aka yi cikin dare a kunnena ake yinsa. Sai na lura da wani abu, na fara sa alama a bayan littafin da nake rubutu a ciki. Da aka shiga marka a watan Agusta, wato lokacin da ruwa ya fi yawa a Kano, sai abin ya fito fili. Duk daren da aka yi ruwa ko raɓa ta sauka sosai, da safe mota ba ta tashi. Daren da gari ya kwana a bushe kuwa, lafiya lau.

Na ɗauki littafina na tafi wajen wani dattijon bakanike, abokin mahaifinmu. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai. Ya ce, "'Yata, in an murɗa makulli me kike ji? Ƙas-ƙas kawai, ko injin yana juyawa?"

Na ce, "Yana juyawa Baba, kamawa ce ba ya yi."

Ya yi dariya ya ce, "To ai kin gama rabin aikin. Wuta ce take ɓacewa a hanya."

Ga yadda ya fahimtar da ni, kuma sai na ga ashe darasin kimiyyar da muka yi a sakandare ne. Injin fetur yana son abu uku kafin ya tashi: mai, iska, da tartsatsin wuta. Batir ɗin mota ƙarfinsa bolt 12 ne kacal, wannan ba zai kunna fetur ba. Akwai wani abu mai kama da gwangwani da ake kira kwayil, shi yake ɗaga wutar ta kai wajen bolt 20,000. Daga nan ta bi waya mai kauri zuwa distiribita, shi kuma ya rarraba ta zuwa fulogi huɗu ɗaya bayan ɗaya. Dabara ce tsohuwa, wani Ba'amurke mai suna Charles Kettering ya fito da ita, aka fara sa ta a mota tun 1910.

To wuta mai irin wannan ƙarfi ragguwa ce, hanya mafi sauƙi take nema. Idan dare ya yi injin ya huce, danshin da ke cikin iska sai ya taru a cikin murfin distiribita, kamar yadda kike ganin gumi a jikin kwalbar lemo mai sanyi. In murfin ya tsage, ko robar wayoyin fulogi ta tsufa ta farfashe, sai ruwa ya haɗu da ƙura ya zama gada, wutar ta bi ta kansa ta zille zuwa jikin injin, fulogi ya tashi a tutar babu. Da rana ta buɗe danshin ya bushe, shi ne mota take tashi da kanta.

Na ce, "Baba, yaya zan yi Yaya ya yarda?"

Ya ce, "Kada ki yi gardama da shi. Nuna masa za ki yi."

A daren nan bayan sallar isha na roƙi Yaya ya tayar da motar, tunda ta wuni a rana. Muka buɗe bonet, muka kashe fitilar ƙofar gida, na tsaya daga baya na fesa ruwa kaɗan kamar hazo a kan wayoyin. Tabɗijam! Sai ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga wayoyi zuwa ƙarfe, tas-tas-tas, injin ya fara rawa kamar zai mutu. Yaya ya yi shiru can ya ce, "Auta, wa ya koya miki wannan?"

Cikin dare aka sheƙa ruwa. Da asuba mota ta ƙi tashi kamar kullum. Yaya ya zare makulli, ya ɓalle maƙalai biyun da ke riƙe da murfin distiribita, ya kifa shi. Cikinsa jiƙe sharkaf, ga wani siririn layi baƙi kamar an ja da fensir, wato sawun da wuta ta ƙona tana gudu. Baba ya gargaɗe ni kada a cire wayoyin ba alama, don kowace da gurbinta. A yawancin inji mai fulogi huɗu jerin tashin wutar 1-3-4-2 ne, in aka sauya biyu mota ba za ta tashi daidai ba. Muna neman abin sa alama sai ga Anti ta fito a hankali, ta miƙo jan farce. Muka ɗiga wa kowace waya da gurbinta. Ta karɓi murfin ta goge da sabon ƙyalle, Allah Ya taimaka akwai wuta, ta shiga ɗaki ta busar da shi da na'urar busar da gashi ta cikin lefenta. Aka mayar, aka goge wayoyi da kan kwayil. Murɗawa ɗaya, mota ta ɗauka!

A ranar Yaya ya je Ƙofar Ruwa ya sayo sabon murfi da rota da wayoyin fulogi, duka kuɗinsu bai kai na batir ɗin da aka saya a banza ba. Ya dawo da tsire, kuma ba ɗakin Inna ya fara kaiwa ba.

To 'yan uwa, ga abin da za ku riƙe ko don gaba. Na farko, ku saurara. In ƙas-ƙas kawai ake ji, ko fitilu sun dushe, a duba kan batir. Farin gari ko koren da ke taruwa a wurin yana tare wuta. A fara cire wayar da ke da alamar ragi, a wanke da ruwan zafi, a goge, a ɗaure tam, a shafa ɗan basilin. Na biyu, in injin yana juyawa bai kama ba kuma gari da danshi, a fara da murfi da wayoyi kafin a taɓa kabireta. Akwai man feshi mai korar danshi irin su WD-40, yana fitar da mutum kunya, amma ba ya ɗinke tsagaggen murfi. Na uku, kada a wuce daƙiƙa 10 ana murɗa makulli, a huta sannan a sake. Kada kuma a yi ta taka totur, fetur zai jiƙa fulogi. In an ji warin mai, a dakata tukuna.

Na huɗu, kada a taɓa wayoyin fulogi injin yana aiki, a kuma tattare mayafi saboda fanka. Kada a kusanto da ashana ko garwashi wai don a busar da inji. Na biyar, in mota ta mutu a tsakiyar ruwa mai zurfi kada a tayar da ita, a jawo ta, don in ruwa ya shiga cikin injin zai iya lanƙwasa ƙarfensa. Ku sani kuma motar dizal ba ta da irin wannan fulogin, sababbin motoci kuwa yawanci ba su da distiribita, kowane fulogi da kwayil ɗinsa, sai dai su ma danshi yana shiga in robarsu ta tsufa.

Goggo dai har yau ba ta ba da haƙuri ba, amma ranar sunan ɗan Anti ita ta fi kowa guɗa. Mata nawa ne aka laƙaba wa farar ƙafa aka kore su, alhali da an buɗe bonet da an ga gaskiya? Malamai sun sha hana mu camfi. In kin ji ana jifan wata da irin wannan, ki sa ido, ki riƙa rubuta abin da kika gani, ki tambayi masu sani.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.