Kafin mu sayi tsohuwar oba-oba a hannun 'yan gwanjo

Tsakanin Tasawa da Mayahi akwai ƙauyukan da sabis ɗin waya ke ɗaukewa, shi ya sa wasu 'yan kasuwarmu ke sha'awar tsofaffin oba-oba domin magana tsakanin rumfa da sito ko tasha. Ba ta cin kati, amma wurin sayenta ne ake cutar mutane.

Da farko mu cire batir, mu karanta takardar da ke manne a bayanta. Irin su Motorola GP300 kashi biyu ne, VHF da UHF. Mai VHF ba ta jin mai UHF ko da kamarsu ɗaya, kuma ko sun dace sai mai gyara ya saita su da kwamfuta. Tsohon batir kan nuna ya cika, da an danna maɓallin magana sai ya mutu. Don haka a gwada gaban mai kaya, yaro ya tafi ƙarshen kasuwa da guda. Kada a danna babu eriya, tana iya ƙonewa.

Sai batun izini, wanda hukumar ARCEP ke bayarwa a Nijar. A halin tsaron da jihar Maradi ke ciki, jandarma ya tsinci oba-oba cikin kayanki babu takarda, Hajiya, bayani zai yi wuya.